Katakon da Sunansa Shi

Tun da muka sauka Madina ban huta da tambaya ba. In na shiga ɗakin Mariya 'yar Damagaram a unguwar Sultana, inda mu 'yan aiki muke haɗuwa ranar ijaza, wato ranar hutunmu, kafin in cire abaya an fara. "Zulai, wai da gaske rana ba ta fitowa a can?" "Zulai, me kuka ci?" Halima 'yar Sudan kuwa tambayarta ɗaya ce, wai ko an ba ni naman alade ban sani ba. Na gaji da yanka labarin gutsi-gutsi, kowa ta tafi da nata guntun ta ƙara masa gishiri. To ga shi daga farko, yadda idona ya gani.

Ga wadda ba ta san ni ba, ni 'yar Ringim ce, aikina kula da Hajja Sa'adiyya a gidanta da ke unguwar Aƙiƙ. Tsohuwa ce, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, sai a arabiyya, keken nan da nake tura ta a ciki. A Madina aka haife ta, amma iyayenta daga Kano suka tako da ƙafa, shi ya sa Hausarta irin ta da ce, akwai kalmomin da rabona da su tun bakin kakata. 'Ya'yanta suna ji sarai, sai dai in ta yi musu Hausa da Larabci suke mayar mata.

Autanta Faisal ya tafi karatu ƙasar Norwe, ya auri 'yar can, ya zauna. Shekara biyu da suka wuce aka bugo waya aka ce Allah ya yi masa rasuwa. Abin da ya iso kunnen Hajja shi ne yana kan zallaja, katakon nan da ake ɗaurawa a ƙafa a yi sulu a kan ƙanƙara, ajali ya riske shi. A can aka binne shi. Tun daga ranar Hajja ta ɗora wa abu biyu karan tsana, matar da katakon. In aka nuno masu wasan a talabijin sai ta ce in kashe.

"Mutum da gemunsa," take cewa, "ya bar garin Manzo ya je ya mutu yana wasan yara."

Sai bana, wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce, "Zulai, zan je in ga inda suka ajiye min yaro. In kuma ga idon matar nan, in faɗa mata abin da ke raina."

Babban ɗanta Adil, wanda shi ne kafil ɗina, wato wanda takardun zamana ke hannunsa, ya yi ta lallashinta a bari sai lokacin zafi. Ta ce atafau. A irin lokacin da ya rasu za ta je. Haka ya haƙura ya shiga zirga-zirgar biza, da takardata ta fita da dawowa. Ni kuma na shiga shagunan Sultana na sayo mana rigunan sanyi. Mai shagon ya rantse min wannan rigar ko Tabuka, garin sanyin Saudiyya, na je da ita sai na yi gumi. Allah ya yafe masa, bai san inda za mu ba.

Daga Madina muka tashi zuwa Istanbul, muka canza jirgi zuwa Oslo. A wajen duba fasfo su Hajja suka wuce sumul, ni mai koren fasfo aka tsayar da ni. Matar da ke wurin ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi fara'a ba. Ta tambayi me na zo yi, Adil ya nuna mata Hajja a arabiyya. Hajja ta ɗago hannu daga nesa ta ce da Hausa, "Ke, ƙafata ce kika riƙe." Matar ba ta ji ba, amma ta dubi tsohuwar ta dube ni, ta buga hatimi.

Muna ɗaukar kaya sai ga wani jami'i da kare. Karen ya wuce akwatunan kowa, ya zo gaban jakata ya zauna daram. Na ja baya ina salati, ina tattare abaya kar ya taɓa ni. Aka buɗe jakar, aka zaro ƙullin daddawata. Jami'in ya kwance ya sunsuna, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya kira wani, shi ma ya sunsuna. Adil ya rasa yadda zai fassara, kunya ta ishe shi, sai faɗa yake min da Larabci, wai wa ya aike ni. Daga ƙarshe da suka gane ba nama ba ne, 'ya'yan itace ne, suka sa min ita a leda biyu suka ɗaure tam, suka miƙo min da yatsa biyu.

Sai ƙofar waje ta buɗe.

'Yan uwa, abin da muke kira sanyi a Madina ba sanyi ba ne, iska ce mai daɗi. Wannan da na shaƙa sai da na ji shi har cikin haƙorana, gashin hancina ya sandare. Na buɗe baki in yi magana, hayaƙi ya fito. Ko'ina fari fat, saman motoci, saman fitilu, har wayar lantarki tana ɗauke da nata. Na sunkuya na dumbuzo. Ni na zaci irin ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan farko ce, mai jifa kamar tsakuwa. Ashe ba nauyi gare ta ba, kamar garin rogo, in kin taka kuma tana ƙara kamar sitaci. Na duba wata da ta sauka a hannun rigata, sai na ga 'yar tauraruwa ce mai rassa, an zana ta tsaf kamar aikin mai lalle, kafin in nuna wa Hajja ta narke. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda yake ƙera irin wannan bila adadin, ya zubar a kan titi a tattake.

Daga nan jirgin ƙasa muka shiga zuwa arewa. Tarago cike da mutane, amma wallahi ɗakin Mariya in mu uku ne ya fi shi hayaniya. Ba mai gaida wani. Na yi wa wata mata sallama da kai, ta yi murmushi ta koma kallon taga kamar na kama ta da laifi. Da yawansu suna riƙe da wasu dogayen jakunkuna sirara, na ɗauka sandunan tanti ne.

A wata 'yar tasha muka sauka. Marit, matar marigayi, tana tsaye tana jira. Doguwa ce, hancinta ya yi ja don sanyi. Ta durƙusa a gaban arabiyya, a kan ƙanƙarar, ta ce da wani Larabci na littafi, "Barka da zuwa, Ammati," wato surukata. Ta kai baki za ta sumbaci goshin Hajja, Hajja ta kawar da kai, ta miƙa mata kan yatsu kawai. A bayanta akwai mahaifinta, wani ƙaton tsoho mai farin gemu kamar limamin Juma'a. Ula sunansa, ni Baba Ula nake ce masa. Na tura arabiyya, ƙananan tayoyin suka nutse suka ƙi gaba suka ƙi baya. Baba Ula ya kama gefe guda ya yi wa Adil nuni ya kama ɗayan, suka ɗauke ta cak har mota.

Gidansu na katako ne, ja, a bakin daji. Abin da ya fara kwantar min da hankali, a ƙofa ake cire takalmi kamar gidan mutunci. A tsakiyar falo ga murhun ƙarfe, wuta tana ci da itace, ƙamshin ya kai ni Ringim kai tsaye. Abincinsu kuwa burodi ne da safe, burodi da rana, mai sanyi, a ɗora masa kifi ko wani cuku mai ruwan ƙasa. Cukun nan na daɗe ina kallonsa kafin in ɗanɗana, sai na ji tuwon madara ne da ya haɗu da gishiri. Abinci mai zafi sau ɗaya suke ci, kifi da dankali, ba yaji ba komai. Da na roƙi Marit ta bar ni in yi wa Hajja miyar kuka, sai da aka buɗe taga duk da sanyin. Amma Baba Ula ya ci, ya miƙo kwano a ƙara.

Rana tana fitowa, ku bar jin ƙarya. Sai dai ba ta hawa. Za ta leƙo ta bayan dutse, ta bi gefen sama kamar mai jin nauyin surukai, ta koma. Kina idar da azahar, kafin ki gama lazimi la'asar ta shigo, kafin ki ninke darduma magariba na ƙwanƙwasa ƙofa. A ɗakin da aka sauke mu akwai wani siririn zare da aka manne a daɓen katako. Marit ta ce alƙibla ce, Faisal ne ya sa, ba ta cire ba. Hajja ta daɗe tana duban zaren.

Washegarin zuwanmu ne abin ya faru. Na fito ban ga Baba Ula ba, na tambayi Marit. Ta ce min da Larabci ya tafi kanti a kan shi.

"A kan wa?" na ce.

"Shi."

"Shi wa?"

Adil yana shan shayi, ya ɗauka irin "shi" ɗin Larabcin Hijaz take nufi, wato wani abu. Ya ce, "Esh shi? Wane abu?"

Marit ta ga duk mun rikice, ta buɗe ƙofar zaure ta nuna mana. Dogayen katakai sirara ne a jingine da bango, bakinsu a lanƙwashe. Ashe su ne a jakunkunan cikin jirgi. Ta ce a rubuce harafi uku ne, s da k da i, sauran duniya suna karanta shi siki, amma su masu abin shi suke cewa. Na fara dariya, ina so in gaya mata abin da shi yake nufi a Hausa, sai na ji muryar Hajja a bayana.

"Zallaja ce."

Dariyar ta maƙale min. Duk katakan masu sheƙi ne da launi irin na kamfani, ban da guda biyu a ƙarshe, na itace zalla, baƙi-baƙi, an ƙona harafin fa na Larabci a jikinsu. Hajja ta nuna su ta ce a kawo mata. Na ɗauko ɗaya na ɗora mata a cinya, ya zarce hannuwan arabiyya hagu da dama. Warin kwalta yake yi.

"Wannan ne?" ta tambayi Marit.

"Shi ne, Ammati."

"Na haife shi a garin da mutane suke roƙon Allah ya kashe su a ciki. Na yi masa tarbiyya. Ke kika ɗora shi a kan wannan, kika mai da shi ɗan wasa, har ya mutu a daji ba mai laƙƙana masa kalma."

Marit ta yi fari kamar abin da ke waje. Adil ya ce, "Ummi, halas," wato ya isa haka, Hajja ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ni kam na rasa inda zan sa idona.

Ana cikin haka Baba Ula ya dawo, ya shigo rungume da itacen murhu. Ya dubi 'yarsa, ya dubi katakon da ke cinyar Hajja. Ya tambayi Marit da yarensu, ta ba shi amsa a gajarce. Na zaci zai yi fushi. Sai ya zube itacen a gaban murhu, ya zaɓi tsagi guda, ya jawo kujera ya zauna daura da Hajja. Ya ɗaga tsagin itacen ya ce, "Be-shi." Ya ƙwanƙwasa katakon Faisal ya ce, "Shi." Ya sake yi. Sannan ya ce wa Marit ta fassara.

Ta ce babanta ya ce kalma ɗaya ce. A tsohon harshen kakanninsu, shi ba ya nufin komai sai itacen da aka tsaga. Har yau guntun itacen murhu da aka fasa da gatari be-shi suke ce masa, wato tsagin itacen wuta. Mutanen farko da suka zauna a ƙasar nan, da ƙanƙara ta rufe su suka kasa taka ko'ina, sai suka tsaga itace gida biyu suka ɗaura a ƙafa. Ba su ma wahalar da kansu neman wani suna ba, suka ci gaba da kiransa tsagin itace. Daga bakinsu sunan ya fita ya zaga duniya, har ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa riƙe gatari ba.

Hajja ta karɓi guntun itacen ta juya shi a hannu. Ta bi tsagin da babban yatsa.

"Faskare ke nan," ta ce da Hausa, can ƙasa.

Baba Ula ya ci gaba, Marit tana bin sa. Ya ce shi bai san abin a matsayin wasa ba sai da ya girma. Takalmi ne. Ungozomar da ta karɓi haihuwarsa a kansa ta zo, don babu hanyar mota. A kansa ya je makaranta, a kansa aka ɗauko wa babansa likita. Ya ce wannan na Faisal su biyu suka yi shi. Ba a yanka shi da zarto, faskara shi ake yi, a bi jijiyar itacen yadda Allah ya shimfiɗa ta, in ba haka ba zai karye da mutum. Suka bar shi ya bushe, suka fere, suka turara bakin da tururi ya lanƙwasa, suka ƙona masa kwalta don kar ya sha ruwa.

Sai ya yi ɗan murmushi. Ya ce ranar da ya fara miƙa wa Faisal gatari, ya zaci zai sare ƙafarsa. Sai ya ga yaro ya duba kututturen, ya nemi inda ya tsage, ya sauke masa sau ɗaya ya rabe. Da ya tambaye shi, Faisal ya ce kakansa na wajen uwa da wannan sana'ar ya ci abinci a Madina, yana yaro yakan zauna yana kallonsa.

Hajja ta ɗago. "Ya gaya masa haka?"

"Yana yawan faɗa, Ammati," in ji Marit.

Hajja ta juyo gare ni. "Ubana ne, Zulai. Da gatari ya ciyar da mu, yana bin gidajen burodi yana yi musu faskare. Yaran nan na zaci kunyar abin suke ji." Adil ya sunkuyar da kai.

Baba Ula ya gwada kalmar a bakinsa, "Fas-ka-re," ta fito a karkace. Ba wanda ya yi dariya. Marit ta share hanci ta ce akwai abin da take so Ammati ta sani. Ba faɗuwa ya yi ba. Zuciyarsa ce, da ciwon da ba wanda ya sani, likita ya ce ko a gado yake zai same shi. Hajja dai ba ta ce a ɗauke katakon daga cinyarta ba har aka kira azahar a wayar Adil.

Zuwa maƙabarta arabiyya ba ta yi mana amfani ba. Marit ta aro wata kujera daga maƙwabta, mai dogayen ƙarafa biyu a ƙasa a madadin taya. Mai turawa yana taka ƙarfe ɗaya, yana tunkuɗa ƙasa da ɗayar ƙafar. Na ga tsofaffin mata, sa'o'in Hajja, suna wucewa fuu a kanta da kayan cefane. Ni da na saba tura arabiyya a harabar Harami har kafaɗata ta riƙe, sai ga shi da yatsa biyu Hajja tana tafiya.

A bakin ƙofar maƙabartar ta ce in tsaya. Kun san mu mata a Madina iyakarmu bayan katangar maƙabartar Baƙi'a. Ko kabarin mijinta Hajja ba ta taɓa gani ba.

"Zulai, in shiga?"

"Hajja, ni ba malama ba ce."

Sai ta ce, "Tura. In kuskure ne, Ubangijina ya san uwa ce."

Kaburburan duk sun nutse, sai kawunan duwatsu, da 'yan fitilun kyandir da suke ajiye wa mamatansu. Can a kusurwa akwai na Musulmi, an karkata su suna fuskantar alƙibla. Hanya ɗaya ce aka share da shebur har zuwa wani dutse, da gani ba yau aka fara share ta ba. Marit ba ta musulunta ba, ban kuma tambaye ta dalili ba. Amma Adil ya gaya min ita ta tuƙa mota cikin ƙanƙara ta je birni ta nemo liman da jama'ar masallaci, suka yi masa wanka da salla. Ƙasar ma sai da aka ɗumama ta kafin ta haƙu.

Hajja ta zaro 'yar gorar zamzam da ta riƙo tun daga gida. Ruwan ya fara daskarewa, ya ƙi zuba. Ta tura gorar cikin rigarta ta rungume, tana addu'a, har ya saki. Ta yayyafa. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawayen ne kawai, ni kuma ina goge mata da sauri don kar su daskare a fuska. Da ta shafa fatiha ta juya wajen Marit. Karo na farko ke nan da ta dube ta ido cikin ido.

"Ki kai ni inda ya cika."

Wurin yana kan tudu a cikin daji, babu hanyar mota, kujerar ma ba ta zuwa. Da gari ya waye Baba Ula ya fito da wani abu kamar ƙaramin kwalekwale, ya shimfiɗa fatar wata irin barewa tasu. Muka kwantar da Hajja a ciki a jingine, muka naɗe ta da barguna sai ido. Kwalekwalen yana da sanduna biyu da ɗamara. Baba Ula ya kai hannu zai ɗaura, Marit ta karɓe ta ɗaura a ƙugunta.

Ni na ce ba mai ɗora ni a kan katako, da ƙafata zan bi. Taku biyu na yi daga bakin hanya na nutse har cinya. Na ciro wannan ƙafar, waccan ta shige. A nan na yarda takalmi ne. Baba Ula ya ɗaura min wasu gajeru masu faɗi, ya ba ni sanda biyu. Faɗuwar da na yi ba ta ƙirguwa, ta gaba, ta baya, wata ma ina tsaye ban motsa ba. Adil ya fi ni shan ƙasa, yana ta "Ya Sattar." Daga cikin barguna na ji Hajja tana cewa, "Zulai, tattare abayar, ke ba amarya ba ce."

Sai can, ban san yadda aka yi ba, na tura ƙafa ɗaya ta tafi, na tura ɗayar ta bi. Ƙasa ta daina riƙe ni. Ba tafiya ba ce, ba gudu ba ne, ban san da me zan kwatanta muku ba, sai dai irin mafarkin nan da mutum yake ganin yana shawagi. Itatuwa sun sunkuyo da farin kaya a kansu. Ba kukan tsuntsu, ba ƙarar mota, ba komai, sai sautin katako, suu, suu, da numfashin Marit a gaba tana jan uwar mijinta zuwa sama. Gumi yana tsattsafo mata a wannan sanyin. Sau biyu babanta ya ce ta kawo ya karɓa, ta girgiza kai.

Da muka fita daga cikin itatuwa sai duniya ta buɗe. Tafki ne a ƙasa, ya daskare ya zama fili, bayansa duwatsu jere har inda ido ya gaza. Rana ta sauko daf da su, ja wur, kuma duk farin nan ya rine, wani wuri kamar zinariya, wani wuri shuɗi kamar an tsoma shi a baba. Na tsaya baki buɗe. Ni da na zaci na gama ganin girman Ubangiji ranar da na fara ganin lemomin Harami suna buɗewa da asuba.

La'asar ta yi. Adil ya cire katakansa ya kafa su a tsaye a gabansa, muka shimfiɗa fata, ya ja mu salla. Hajja ta yi tata a zaune. Baba Ula ya cire hula ya koma gefe har muka idar.

Akwai wani kututture da aka kwantar don zama. Marit ta share shi da hannu. Ta ce a nan ya zauna, ya ce ya ɗan gaji. Ya jingina da ita. Ta ce ta ji ya yi kalmar shahada da bakinsa, ta san ta, don kullum tana jin ta a gidan.

Hajja ta rufe ido. "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi."

"Ammati, akwai wata maganar kuma." Marit ta durƙusa kusa da ita. "Kafin nan ya faɗi wani abu. Duk ranar da muka hau nan sai ya tsaya ya faɗe shi. Na ɗauka addu'a ce, na tambayi liman ya ce ba Larabci ba ne. Na taɓa tambayarsa shi kansa, ya yi dariya ya ce tsakaninsa ne da wata mata. Na riƙe sautin dai, ban san ko daidai ba ne."

"Faɗi in ji."

Marit ta faɗe shi a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda yaro yake biya allo.

"Da-inna-ta-ga-wan-nan."

Ashe Hausa ce. Adil ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Marit tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, tana jira wani ya gaya mata.

Hajja ta yi ta kokawa da bargo har ta fito da hannunta. Ta cije safar hannun da haƙori ta zare, ta kama fuskar Marit da tafinta tsirara a cikin wannan sanyin. Ta fassara mata da kanta, da Larabci, muryarta tana karyewa. Sannan ta ce, "Ɗaga ni, 'yata. Juya ni sosai."

Muka tallafe ta ni da Marit, muka zaunar da ita a kan kututturen, muka juya ta wajen tafkin. Ta daɗe tana kallo, daga wannan ƙarshen duwatsun zuwa wancan, ba ta bar ko'ina ba. Ranar tana ta nutsewa, Baba Ula yana duban sama don hanyar komawa, amma bai ce mu tashi ba.

"To, Faisalu," ta ce. "Na gani."